Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Kare Muhalli Ta Abuja: Ku Zo Mana Da Ƙarfe Ɗayan Dare

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin makarantar sakandare ne, ina koyar da Fiziks, kuma shekarata 11 ke nan a gida ɗaya a Gwarinpa tare da iyalina da mahaifiyata. Ban taɓa kawo muku ƙara ba, wannan ce ta farko. Na zaɓi in yi ta a bainar jama'a ne saboda duk wanda na ba labarin abin da ke damuna, wato ƙarar kiɗan mashayar da ke maƙwabtaka da mu, daga Kubwa har Lugbe, kafin in kai aya sai ya tare ni da nasa.

Gidan da muke katanga ɗaya da shi da can gidan zama ne. Wani dattijo ne a ciki da matarsa, ya yi ritaya ya koma garinsu, aka sa gidan a haya. Wata rana muka wayi gari ana sare bishiyar mangwaron tsakar gidan, aka shimfiɗa dutse, aka kafa rumfar kwano, aka jera kujerun roba. Da farko gasasshen kifi ne da kallon ƙwallo, in an ci a yi ihu, kafin sha ɗaya kowa ya watse. Ba mu ce uffan ba. Bayan ƴan watanni aka kawo fitilu masu launi-launi, aka kawo DJ, aka jingina manyan sifiku guda biyu da katangar da ta raba mu, aka ajiye janareta a lungun da ke bayan tagar mahaifiyata. Tun daga nan, daga daren Alhamis zuwa daren Lahadi, barci ya ƙaurace wa gidanmu.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta haura shekara 70, kuma tana fama da hawan jini. Daren farko da kiɗan ya kai ƙarfe uku, da safe na shiga gaishe ta sai ta ce, "Ashe biki ake yi a maƙwabta ba ku faɗa mini ba? Allah ya ba su zaman lafiya." Na ce amin, don ban san ta inda zan fara ba. Da aka shiga mako na uku sai ta kira ni ta ce, "Kai, wannan wace irin amarya ce da har yau ba a gama kai ta ba?" Muka yi dariya a lokacin. Yanzu ta daina tambaya. Tana ajiye kofin ruwa a bakin taga don shan magani, kuma in ka shiga ɗakin da tsakar dare ka haska kofin, za ka ga ruwan yana rawa, zobe na bin zobe, daidai da bugun kiɗan. Gilashin tagar yana kaɗawa kamar haƙoran mai jin sanyi. Ita kuwa tana zaune a bakin gado da carbi a hannu, ba ta yi barci ba, ba ta kuma samu natsuwar nafilar da ta saba yi shekara da shekaru ba.

Akwai wani abu da suke yi wanda ya fi kiɗan tayar da hankali. Idan wani ya sayi kwalba mai tsada, sai a katse waƙa, a kunna jiniya, wani saurayi ya ɗauki makirfo ya shiga yi masa kirari. Maroƙi ne dai irin na zamani, sai dai maroƙin da muka sani yakan gaji, wannan kuwa lantarki ne ke ɗauke masa nauyin murya. Jaririnmu yakan jure dukan gangar har ya yi barci a cikinsa, amma jiniyar nan ba ta taɓa barin sa ba. Ƴata babba da ke shirin rubuta WAEC ta koma yin karatu a kicin, don shi ne ɗaki mafi nisa daga katangar. Ni kuma in tsaya gaban ɗalibai da ƙarfe takwas na safiyar Juma'a ina hamma, ina koya musu darasin sauti.

Kafin in zo gare ku na bi hanyar da aka san maƙwabci da ita. Na je wajen mai wurin, ba ni kaɗai ba, tare da maƙwabcina na ɗaya ɓangaren, wani dattijo Kirista da muke kira Baba, wanda shi kansa ba ya ɓoye cewa yana ɗan kurɓawa da yamma a barandarsa. Mai wurin ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mana lemo, ya ba da haƙuri, ya ce za a gyara. Aka yi dare biyu shiru, har Inna ta sa masa albarka. A dare na uku aka koma gidan jiya. Muka sake komawa, a wannan karon ya faɗa mana gaskiya, kuma gaskiyar tasa ce ta sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Ya ce, "Malam, a layin nan da na bayansa mu huɗu ne. Daren da na rage sauti, rabin mutanena suka tsallaka wancan gidan. Wanda ya fi ƙara shi ake zaton ya fi cika. In na rage ni kaɗai, na rufe ke nan."

Na juya maganar nan a raina, na ga bai yi ƙarya ba. Babu mai mashayar da zai rage sautinsa shi kaɗai alhali na kusa da shi yana ƙarawa. Roƙo ba zai yi ba, kunya ba za ta yi ba, ko da mutumin kirki ne. Sai an sami wanda zai sa wa su huɗun iyaka ɗaya a rana ɗaya, yadda babu wanda zai ci kasuwar wani da ƙarfin sifika. Wannan kuwa ba aikin malamin makaranta da dattijo mai ritaya ba ne. Aikin hukuma ne.

Da muka tashi tafiya sai ya jefo wata maganar, yana ƴar dariya: "Ko dai giyar ce ba ku so, Malam?" Baba ne ya amsa masa, ya ce shi da yake sha ma bai yi barci ba. Ina so in tsaya a nan kaɗan, domin duk lokacin da mai suna irin nawa ya yi ƙorafi a kan mashaya a Abuja, nan da nan ake ɗaura wa maganar rawani a ce addini ne. Ni Musulmi ne, ba na sha, kuma da za a tambaye ni ra'ayina a kan giya ina da shi. Amma ba shi ya kawo ni ba. Na san inda nake zaune. Abuja ta kowa ce, haka aka tsara ta tun 1976 da aka yanke shawarar baro Legas. Abin da mutum ya zuba a kofinsa a cikin katangarsa tsakaninsa da Mahaliccinsa ne da kuma hukumar da ta ba shi lasisi. Abin da ya tsallako katanga ya shigo ɗakin Inna, wannan nawa ne. Da a ce masu sayar da fura ne suke kunna jiniya da ƙarfe biyun dare, wannan wasiƙar dai zan rubuta.

Ba sabuwar doka nake nema ba, akwai ta. A 2009 aka fitar da ƙa'idojin ƙasa na kayyade ƙara a ƙarƙashin NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, wadda aka kafa a 2007. Sun raba yini biyu: rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuma daga 10 zuwa 6 na safe. A unguwar da ta zama ta gidajen zama zalla, iyakar ita ce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗe da ƴan shaguna da wuraren shaƙatawa, 55 da rana, 45 da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 1999 ta ce in ana son barci mai daɗi, kada ƙarar da ke cikin ɗakin kwana ta wuce desibel 30, wato kamar raɗa. Hira ta yau da kullum tsakanin mutum biyu tana kusan 60.

Na saukar da manhajar auna sauti a wayata. Na san ba na'urar hukuma ba ce, ba zan kai ta kotu ba. Amma a ɗakin Inna, taga a rufe, a daren Asabar, lambar tana wasa ne tsakanin 55 da 65. Wanda bai san lissafin ba zai ce ai tsakanin 35 da 65 ba nisa. Ma'aunin desibel ba kamar mudu ba ne da ake ƙara ɗaya a kan ɗaya. Duk ƙarin 10, kunne yana jin sautin ya ninka kusan sau biyu. Daga 35 zuwa 65 ninki uku ke nan a jere: biyu, huɗu, takwas. Wato tsohuwa mai hawan jini tana kwana cikin ƙarar da kunnenta ke ji kusan sau takwas fiye da abin da doka ta yarda.

Kuma ko wannan lambar ba ta faɗi duka ba, a nan ne nake roƙon jami'anku su lura. Abin da ke hana mu barci ba muryar mawaƙi ba ce, ita katanga tana tare mafi yawanta. Dukan nan ne mai kauri, na ƙasa-ƙasa, wanda ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Sauti mai kauri zangonsa dogo ne. Wanda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya kusa mita 7, ya fi faɗin ɗakin gaba ɗaya. Bulo mai rami a ciki ba ya tare shi, labule ba ya tare shi, audugar da muke cusawa a kunne ba ta tare shi. Yana bin ƙasa da bango ya shigo, shi ne yake kaɗa ruwan kofin nan. Sannan mafi yawan na'urori an saita su a kan ma'aunin da ake kira A, wanda yake zaftare kusan desibel 30 daga irin wannan sautin, saboda an yi shi ne ya kwaikwayi kunnen mutum a sauti marar ƙarfi. Sai jami'i ya zo ya auna, ya ga lamba mai sauƙi, ya rubuta cewa ba matsala, alhali gado yana girgiza. A auna da ma'aunin C ma, wanda ba ya zaftare sauti mai kauri haka, a kwatanta. Ina koya wa ƴan aji biyar wannan, ban taɓa zaton zan yi gwajinsa a ɗakin mahaifiyata ba.

Sai maganar lokaci. Duk wanda ya zo duba wurin nan da ƙarfe 11 na safe zai tarar da kujeru a kife, wani yaro yana shara, mage tana barci a kan sifika. Zai koma ofis ya ce mutanen unguwa ne da neman fitina. Laifin da ake yi da ƙarfe ɗayan dare ba a kama shi da hantsi. Na san aikin dare yana buƙatar mota da mai da alawus da rakiyar jami'an tsaro, ba abu ne na wasa ba. Amma ko sau biyu ne a wata, ba tare da sanarwa ba, a ranakun da kowa ya san ana cashewa, labari zai zaga layukan nan kafin gari ya waye. A kuma buɗe lambar waya guda da ake ɗauka da dare. Mu kuma namu aikin shi ne mu rubuta: ranar da aka fara, ƙarfe nawa, ƙarfe nawa aka tashi. Ina da littafi guda na ɗalibai da na cika da wannan, Baba ma yana da nasa.

Abin da ya fi gajiyar da mu shi ne rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Lasisin sayar da giya, bisa jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, aikin ƙaramar hukuma ne. Mayar da gidan zama wurin kasuwanci maganar masu kula da tsarin gine-gine ce, domin kowace takardar mallakar fili tana ɗauke da abin da aka ba da filin dominsa. Ƙara ta masu muhalli ce. Motocin da ake tare mana ƙofa da su da faɗan da ake yi a bakin titi da asuba na jami'an tsaro ne. Mun je wani ofishi aka ce ba nan ba ne, muka je wani aka ce mu rubuto, muka rubuta aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Wani dare da abin ya yi tsanani muka kira jami'an tsaro, suka zo, aka kashe kiɗa, suka tafi, kafin fitilar motarsu ta ɓace a kwana an mayar da shi. Ban ga laifinsu sosai ba, ba su da na'urar awo, ba su da takardar da za su miƙa. Shi ya sa nake ganin ku ne ya kamata ku riƙe bakin zaren: kada a sabunta wa kowace mashaya lasisi a cikin unguwar zama sai da takardarku mai nuna an auna ta da dare ta kuma tsallake.

Kada a fahimce ni a baibai, ba rusau nake kira ba. Mun ga yadda ake yi a garin nan: a yi shiru shekara da shekaru, rana ɗaya a turo katafila. Mai suyan da ke bakin ƙofar wurin ɗan Katsina ne, da cinikin daren nan yake aika wa iyalinsa. Maigadinsu muna sallar asuba tare. Akwai ƴan mata masu kai abinci da suke biyan kuɗin makaranta da aikin, akwai masu Keke da ke jiran fasinja. In aka rushe, duk waɗannan sun shiga uku, mai wurin kuma ya ɗauki sifikunsa ya koma bayan tagar wata tsohuwar a Dawaki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Gyaran kuwa sananne ne, ba sai an ɗauko masana daga waje ba. Kiɗa mai ƙarfi ba a yin sa a rumfar kwano a buɗe, kwano ma ƙara masa amo yake yi. A gina ɗaki rufaffe mai bango biyu da silin mai kauri da ƙofa biyu, yadda in an buɗe ɗaya ɗayar na rufe. A ɗauke sifiku daga katangar maƙwabta, a ɗora su a kan roba don kada su riƙa dukan ƙasa. Akwai ƴar na'urar da ake haɗawa da kayan sauti ta hana su wuce iyakar da aka saita, ko DJ ya murɗa har ƙarshe. Hukuma ta saita ta, ta sa hatimi. A yi wa janareta ɗaki. A tsakar gida kuma, in goma ta yi, a koma kiɗan da mutum zai iya hira a cikinsa. Wannan ma gata ne ga ma'aikatansu, domin a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sauti a cikin irin waɗannan wurare ya wuce matsakaicin desibel 100 a cikin minti 15, saboda kunnen masu ciki. Yaron da ke kai kwalabe kusa da sifikar nan kwana huɗu a mako, in ka yi masa magana da rana sai ka maimaita.

Wa zai biya? Wanda ya zo daga baya. A Ingila sun sa wannan a tsarin gine-ginensu a 2018: wanda ya kawo canji shi ke ɗaukar nauyin toshe ƙara. In ka gina gida kusa da tsohuwar mashaya, kai za ka kare tagoginka. In ka buɗe mashaya a tsakiyar gidaje, kai za ka rufe sautinka. Na ga adalci a ciki, domin ya kare ɓangare biyun. Gwarinpa tun zamanin Abacha aka gina ta don mutane su kwana a ciki. Mun riga sifikun nan zuwa. A Legas ma hukumar muhallinsu, LASEPA, ta sha rufe gidajen rawa da wuraren ibada saboda ƙara har sai sun gyara, kuma ba a daina shaƙatawa a Legas ba.

Na ambaci wuraren ibada da gangan. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In kun fito da na'urarku, kada ku tsaya a ƙofar mashaya kawai. Akwai cocin da ke kwana da ganga da lasifika a waje. Akwai mu, da muke rufe layi mu ɗauko DJ don bikin ƴarmu har ƙarfe biyu, mu ce ai sau ɗaya ne, alhali kowane mako akwai mai sau ɗayansa. Akwai masallacin da ba ya tsayawa a kiran salla na ƴan mintuna, sai ya saki kaset ɗin wa'azi ta lasifikar waje tun kafin asuba, a unguwar da ke da marasa lafiya da jarirai da wanda ya dawo daga aikin dare. Na faɗi wannan a kwamitin masallacinmu, wasu ba su ji daɗi ba. Na tuna musu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai ɗaga murya a kan juna ko da a karatun Alƙur'ani ne, kuma mu ne muke karanta cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Mun juya lasifikarmu ɗaya da ke kallon gidan Baba, muka rage ta. Ba zan nemi a auna maƙwabcina da mudun da ni ba zan yarda a auna ni da shi ba. Kuma in doka ta hau kan kowa, babu mai mashayar da zai sake cewa don shi ba Musulmi ba ne ake bin sa.

Wasu abokai sun ce in tashi kawai. In koma ina? Kuɗin haya a Abuja kun san yadda yake, dillali da lauya kowa da kasonsa, a biya shekara guda a dunƙule. Kuma wa ya ba ni tabbacin gidan da ke kusa da sabon ba zai zama mashaya ba kafin baɗi? A yi gudun gara a faɗa gidan zago. Wasu sun ce in kai kotu, tunda damun jama'a laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a nan. Mai yiwuwa a kai ga haka, amma albashin malami ba ya ɗaukar shari'ar da za a yi ta ɗagewa, kuma ba na son in tsaya gaban alƙali da mutumin da muke haɗuwa a bakin ƙofa kullum muna gaisawa.

Don haka ga gayyata. Ku turo mutum biyu da na'ura, daren Juma'a ko na Asabar, wajen ƙarfe ɗaya. Kada su fara shiga wurin, kada su zo da jiniya, akwai isasshiya a can. Su ƙwanƙwasa ƙofata, za su same ni a farke. Zan dafa musu shayi, in kai su ɗakin Inna, su zauna minti 15 kawai a kan kujerar da ke kusa da taga, kofin ruwan yana nan inda ta saba ajiye shi. In sun gama, Baba ya ce su leƙa nasa ɗakin ma. Adireshina da kwafin littafin da na cika suna cikin takardar da zan kawo ofishinku da hannuna ranar Litinin, in na tashi daga makaranta.

Na gode. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Gwarinpa, Abuja.